Rigar Sufyan a Kan Dandamali

Bagudo, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Hamsatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya Malanbil, yaya kasuwa, yaya ruwan bana? Mu nan sai godiya.

Kin ce in daina kiranki a waya kan maganar gida, domin da kin ji muryata kuka ke rigan magana fitowa, ga kuma layin ƙasar Benin da ke yankewa ana tsakiyar zance. To ga takarda, Ɗanaudu direba zai miƙa miki ranar kasuwa.

Abin da kika tambaya, ban yi ba. Na je Illo, na zauna gaban Inna da niyyar in ce mata damina biyu ke nan da jirgin ruwa ya kife da ƙanenmu Sufyan a kogin Kwara, a haƙura haka nan, a bar matarsa Ni'ima ta yi takaba ta san matsayinta. Kafin in buɗe baki ta fara ba ni labarin wani mai kifi da aka ce ya ga mai kama da Auta a can ƙetare. Ta share ɗakinsa, ta gyara gadon, ta saki labulen. Na sha furata na taso. Ki zage ni, na cancanta.

Yanzu ga abin da ke gabana. Abokin aikina Ibrahim Khalil, wanda ke koyar da Hausa a makarantarmu, ya rubuta wasan kwaikwayo na ban tsoro, ƙungiyar matasa za ta nuna shi a zauren taro bayan girbi. Ni aka ɗora wa tsara dandamalin, tunda ni ne malamin zane. Labarin wani mutum ne da ruwa ya ci, amma duk damina sai ya dawo ɗakinsa ya zauna bakin gado, iyalinsa kuwa ba sa ganinsa, sai sawun ƙafa jiƙaƙƙe a ƙasa. Na san abin da za ki ce. Ni ma da na karanta sai da na ajiye takardun na fita waje. Amma na karɓa.

Yaran ƙungiyar sun so a cika wurin da ƙoƙon kai na kwali da jan fenti. Na hana. Na ce musu wannan dariya zai ba mutane. Abin da ke tsorata mutum shi ne ya ga ɗaki irin nasa sak, gado da tabarma da buta, amma abu guda bai zauna daidai ba. Don haka na kafa bango uku da katako, na liƙe su da takardar buhun siminti da sitaci, na shafe da lakar da na ɗebo daga bakin kogi. Na ja layin ambaliya daidai ƙirjin mutum, irin wanda ruwa ke bari a bangon mutanen bakin gulbi. Ƙofar kuma na karkata ta da gangan, yadda in an saki zare za ta buɗe da kanta a hankali.

Ki gaishe min da kowa. Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Haliru


Malanbil, ranar Alhamis

Haliru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe ka, maigidan ma haka. Ruwa ya yi yawa bana, albasa ta ruɓe wa mutane a rumbu.

Na karanta takardarka har ƙarshe, sai na duba bayanta ko akwai sauran magana. Babu. Layi kaɗan ka ba Inna da Ni'ima, sauran duk ka ba katako da laka. Sannu malam mai fenti. Kai da ka kasa buɗe baki gaban tsohuwa guda, kai ne za ka tsorata mutanen Bagudo gaba ɗaya.

Duk labaran duniya ba ku ga wanda za ku yi wasa da shi ba sai na wanda ruwa ya ci? A zauren nan akwai wanda zai zauna bai rasa kowa a Kwara ba? Ban ce haramun ne ba, ban sani ba, ni ba malama ba ce. Amma raina bai so ba, kuma na faɗa maka.

Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba, tunda kana can kana karkata ƙofa. Baban Ni'ima, Malam Isma'ila, ya zo kasuwa daga Zagga, ya neme ni har rumfa. Mutumin nan bai ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi ƙona ni. Ya ce ɗiyarsa ba matar aure ba, ba bazawara ba, ƙuruciyarta na ƙarewa a tsakar gidan da ba ta da ko ɗa. Ya ce ya yi kawaici saboda Inna, amma in an gama girbi zai kai maganar gaban alƙali. Ka san me wannan ke nufi. Za a kira mutanen da suka ga kifewar jirgin, a tsaya gaban jama'a a ce Sufyan ya mutu, Inna na zaune tana ji daga bakin bare. Wallahi ba za ta tashi daga wannan ba. Ita kuma yarinyar ta ce ba za ta fita gidan ta ƙofar kotu ba, ko za ta tsufa a nan.

Ni aure ya kawo ni wata ƙasa, ba kullum nake samun ƙetarowa ba. Kai ne namijin da ya rage. Ba dabara ake nema wurinka ba, magana ce guda, ka faɗe ta ka zauna kusa da ita ta yi kukanta. Ka koma gida.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka zuciya.

Yayarka,
Hamsatu


Bagudo, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Hamsatu,

Assalamu alaikum, tare da fatan kin tashi lafiya. Saƙonki ya iso, kuma ya shige ni yadda kika so ya shiga.

Na koma Illo ranar Asabar kamar yadda kika ce. Ban tarar da Inna ba, ta tafi suna Kurgu, aka ce sai washegari. Na yi niyyar in kwana in jira ta, amma akwai gwajin wasa da safe, dole na juyo. Zan sake komawa, na yi alkawari.

Da na ga ba kowa sai Ni'ima tana tankaɗe, sai na ɗaga labulen ɗakin Sufyan na shiga. Rabona da shiga tun kafin abin ya faru. Yaya, a nan na gane abin da ya hana dandamalina yin rai. Na yi makonni ina gyara, komai na nan, amma in ka kalla ka san ba wanda ya taɓa kwana a ciki. Ɗakinsa kuwa, gadon ya lotsa ta gefen da yake kwanciya. Bangon ya yi baƙi inda yake jingina kai. Rediyonsa na kan taga, an ɗaure murfin batirin da roba. Na zauna na zana duka a takarda.

Sai shuɗiyar rigarsa da ke rataye a ƙusa bayan ƙofa. A wasan akwai wurin da ake buɗe fitila a hankali, ba kowa a ɗakin, sai riga a bango tana ɗigar da ruwa. Na gwada da sabuwar riga, na gwada da tawa, duk sun rataya kamar tsumma. Tasa kuwa ta riƙe kafaɗunsa, har gwiwar hannun ta tanƙware yadda yake tanƙwara ta. Na ce wa Ni'ima zan are ta kwana biyu in maido. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta dai sunkuyar da kai, na ɗauka kunya ce.

Jiya muka gwada. Na ɗora jarka a saman katakon, na huda ta da allura, na saƙa siririn tiyo ta bayan wuyan rigar. Ita kanta rigar na tsoma ta a ruwan kogi da laka, na manna mata 'yar kainuwa a aljihu. Na rufe ƙwan fitilar da koriyar leda. Da ƙofar ta buɗe da kanta, ɗigon ya fara sauka a tabarma, yaran nan masu surutu ba wanda ya yi tari. Wata yarinya ta tashi ta fita. Ibrahim Khalil ya dafa ni ya ce aiki ya yi. Ni kuwa ban ji daɗin da na zata zan ji ba, na koma gida na kasa cin abinci.

Ki yi min addu'a. A gaida yara.

Ƙanenki,
Haliru


Illo, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Malam,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, ina fatan kana lafiya, yaya aiki, yaya ɗalibai. Ka yi haƙuri da rubutuna, na daɗe ban riƙe biro ba. Kuma ka yi haƙuri da na rubuto maka kai tsaye, ban ga wata hanya ba, wayar gidan a hannun Inna take.

Yaya, maganar rigar ƙanenka ce. Ranar da ka ɗauka na so in yi magana, nauyinka ya hana ni. Kai ba ka zama gidan, ba ka sani ba. Kullum in Inna ta idar da sallar asuba sai ta shiga ɗakin ta tura ƙofa. Na taɓa leƙawa sau ɗaya, na ga ta sa fuskarta a cikin rigar tana shaƙa. Tun ranar da ya cire ta ya rataye ba wanda ya taɓa ta sai Inna, ko ni ban taɓa ba. Har yanzu akwai ƙanshin jikinsa a wuyan.

Da ta dawo daga Kurgu ta shiga, sai na ji shiru ya yi yawa. Can ta fito tana dariya, rabon da in ga haƙoranta na manta. Ta kama hannuna ta kai ni gaban ƙusar ta ce, "Kin gani? Ya zo ya ɗauki rigatai. Na hwaɗa muku yana nan kusa, kunya ta ka hana shi shigowa da rana."

Na buɗe baki in ce kai ne, na kasa. Allah ya gani na kasa.

Tun ranar take dafa shinkafa da miyar kifi, ta rufe ta ajiye a ɗakin. Ta gaya wa maƙwabta. Wasu suna taya ta murna a gabanta, in sun fita ina jin abin da suke cewa. Ta sa na yi kitso da lalle, ta ce kada ya dawo ya tarar da ni haka. Na zauna aka yi min, mai kitson tana tambayata me ya sa nake hawaye, na ce zafin kitso ne.

Ban rubuto don kaina ba. Ni na san inda ƙanenka yake, na sani tun ranar da aka dawo daga nema hannu wofi. Amma ta daina barci, ƙarar kowane babur sai ta fita ƙofar gida. Na aika wa Yaya Hamsatu ma. Don Allah ka maido rigar, ka san abin da za ka ce mata.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Ƙanwarka,
Ni'ima


Malanbil, ranar Juma'a

Haliru,

Salamu alaikum. Ba ni da doguwar gaisuwa yau.

Takardarka da ta Ni'ima rana ɗaya suka iso min. Na karanta taka, na karanta tata, na zauna a kan buhu ban san lokacin da kasuwa ta watse ba. Faɗan da zan yi maka yana nan, na ajiye shi, ba yanzu ba.

Abu guda nake so ka ji, ka ji shi da kyau. Kada ka wanke rigar nan. Ka kai ta yadda take, da lakarta da kainuwarta. Na san ka, za ka ce bari in gyara ɓarnar da na yi, ka nemo sabulu da dutsen guga. Ku maza ba ku san wannan ba, domin ranar da aka yi rasuwa kuna can maƙabarta da zaman makoki a waje, mu ke cikin gida. A gidanmu kayan matafiyi ba a wanke su a bayansa, ana barinsu sai ya dawo. Kayan mamaci ake wankewa tas, a goge, a ninke, a kawo gaban uwarsa ko matarsa kafin a bayar sadaka. Haka muka yi da na Baba, ni da Inna, kana makaranta a Birnin Kebbi. In ka kai mata ita da laka, ɓarnar yaro ce, za ta yi fushi ta huce, sannan mu zauna mu yi mata maganar a hankali, ni da kai. In ka miƙa mata ita a wanke a ninke, ka gama magana.

Na yi ta kiran wayarka ba ta shiga. Ka jira ni, zan roƙi maigidan in ƙetaro ranar Litinin.

Hamsatu


Bagudo, ranar Lahadi

Yaya,

Assalamu alaikum. Takardarki na tarar an tura ta ƙarƙashin ƙofata da na dawo daga Illo. Motar Ɗanaudu ta lalace a hanya, ta kwana wurin bakanike. Na karanta ta a tsaye, da takalmina a ƙafa.

Da saƙon Ni'ima ya same ni ranar Alhamis, ban tsaya komai ba na tafi zauren na sauko da rigar. Lakar ta bushe a jikinta, tana warin gulbi. Na ce ba zan kai wa Inna wannan ba. Na jiƙa ta, na wanke ta da sabulu har ruwa ya fita fari, na sa bula don shuɗin ya dawo. Na goge ta da kaina, na ninke ta yadda masu wanki ke yi, na sa a leda. Har ina jin na kyauta.

Na isa da hantsi jiya. Inna na zaune a kan tabarma ƙofar ɗakinsa tana tsince shinkafa, Ni'ima na gefe da sabon lallenta. Inna ta tare ni da fara'a, ta ce in zauna akwai labari. Na durƙusa na ce kafin labarin, ga wannan. Na ce ni na ɗauka, ba kowa ba ne, aiki na yi da ita a Bagudo, a yafe min. Na zaro ta na ɗora a kan hannuwana biyu na miƙa.

Ba ta karɓa nan da nan ba. Ta daɗe tana kallon ninkin. Na ga Ni'ima ta toshe bakinta da mayafi, ban gane dalili ba. Sannan Inna ta ajiye faifan, ta ɗauki rigar, ta kai wuyan hancinta. Ta juya ta, ta shaƙi hammatar, ta shaƙi aljihun. Ta sake komawa wuyan.

Ta ce, "Wa yaw wanke ta?"

Na ce, "Ni naw wanke ta, Inna."

Ta ce, "Da hannunka?"

Na ce e.

Ba ta yi kuka ba, Yaya, da ma ta yi. Ta maida ninkin yadda yake, ta shafa shi da tafin hannu ta ajiye a gabana. Ta yi Inna lillahi a hankali, irin yadda ake yi in an kawo labari yanzu-yanzu. Sai ta juya wurin Ni'ima ta ce, "Ɗiyata, tashi ki kwance kitso." Ta miƙe da ƙyar, ta shiga ɗakin Sufyan ta fito da kwanon abincin da ta ajiye masa, ta ba yaran maƙwabta, ta shige nata ɗakin.

Na zauna a tsakar gida har la'asar. Na yi sallama a ƙofarta ba ta amsa ba. Ina jin Ni'ima a ɗaki tana kwance kitson tana kuka ƙasa-ƙasa. Maganar da kika yi ta roƙona in faɗa da baki, ga yadda na faɗe ta, ban ma san ina faɗa ba.

Yau na je zauren. Yaran suna jirana, sun rataya wata riga a ƙusar, suna tambaya ko ta yi. Na ce ta yi. Na gaya wa Ibrahim Khalil ya nemi wanda zai ja zaren ƙofar ranar wasan, ni ba zan iya tsayawa bayan bangon nan ba.

In kin isa gobe, ki gaya min ko in zo.

Ƙanenki,
Haliru


Illo, ranar Alhamis

Haliru,

Wa alaikumus salam. Na iso lafiya, ina gida.

Inna da kanta ta aika aka kira Liman da mutanen da suka ga kifewar jirgin. An yi addu'a jiya, an raba waina. Malam Isma'ila ya zo daga Zagga, ya yi mata ta'aziyya, maganar alƙali ba ta taso ba. Ni'ima ta shiga takaba, ta ce a nan za ta yi ta kusa da Inna, in ta gama ta tafi gida.

Inna tana cin abinci kaɗan. Tana barci yanzu, da yawa ma. Ba ta ƙara fita ƙofar gida ba.

Faɗan da na ce na ajiye maka, na fasa.

Na tambaye ta ko ka zo. Ta ce kada ka zo tukuna. Na ce har yaushe, ba ta amsa ba. Amma tukuna ta ce, da kunnena na ji. Ka zauna inda kake, in ta canza zan aiko.

Allah ya jiƙan Sufyan. Yau ne na fara rubuta haka.

Yayarka,
Hamsatu